Daga Bukkar Jenner Zuwa Majemar Arbois

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Bristol ne ya matsa lallai sai na je bikin kammala digirinsa, tunda mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa kuma ba ta jure doguwar tafiya. Na amsa, amma na gindaya sharaɗi: in an tashi daga biki zai raka ni wasu wurare da na yi shekara da shekaru ina jin sunansu a aji da ɗakunan bita. Aikin rigakafi na yi har na ajiye, tun daga goya akwatin sanyi a bayan babur ana ratsa rafi da yashi, har zuwa zaman ofis ana tattara alƙaluma. Da na jera masa wuraren sai ya kwashe da dariya. "Kawu, mutane na zuwa Ingila don su ga filin ƙwallo da fadar sarki, kai kuma bukkar likitan ƙauye da famfon da ba ya kawo ruwa?" Na ce su ɗin dai, ɗana.

Berkeley ƙaramin gari ne a yankin Gloucestershire, kamar mil 20 arewa da Bristol, dab da kogin Severn. Jirgin ƙasa ba ya shiga garin, don haka mota muka ɗauka haya, yaron na tuƙi ni ina kallon makiyaya. Ƙasa ce ta shanu da madara, ciyawa kore shar iya ganinka, kuma wannan yana da wuri a labarin, domin da cikin birni Edward Jenner ya tashi da wuya ya ji abin da ya ji. Akwai tsohon gidan sarauta na dutse inda tarihi ya ce an kashe Sarki Edward na Biyu a 1327, akwai kuma coci mai hasumiya a tsaye can gefe, ba a haɗe da ginin ba. Gidan Jenner yana manne da harabar cocin. A garin aka haife shi a 1749, ya sayi gidan a 1785, a cikinsa ya rasu a 1823, a cocin kuma aka binne shi. Yanzu gidan tarihi ne.

Yaran yau ba su san agana ba, alhamdu lillahi. Mu mun tarar da dattawa masu zanzana a fuska, da makafin da in ka tambaya sai a ce agana ce ta tafi da idon. Cikin mutum goma da ta kama, wajen uku ba sa tashi. An ƙiyasta cewa a ƙarni na 18 tana kashe kimanin mutum 400,000 duk shekara a Turai kaɗai, ba ta bar talaka ba, ba ta bar sarki ba. Ita ta yi ajalin Louis na 15 na Faransa a 1774. Kamanninta kam likitoci sun daɗe da sani. Abubakar al-Razi, likitan Rayy da Bagadaza, ya rubuta yadda ake bambanta ta da ƙyanda tun wajen ƙarni na 10. An kuma san cewa wanda ya yi ta ya tashi ba ya maimaitawa. Abin da ke kawo ta ne babu wanda ya sani.

Wata dattijuwa mai aikin sa kai ce ta zaga da mu, kuma da abin da aka yi kafin Jenner ta fara. Mutanen Sin suna niƙa ɓawon ƙurjin mai agana su hura wa lafiyayye a hanci. A Indiya da Turkiyya da sassan Afirka kuwa tsaga ake yi a fata a shafa ruwan ƙurjin. Mutum zai yi aganar, amma yawanci mai sauƙi, daga nan ya tsira har abada. Lady Mary Wortley Montagu, matar jakadan Ingila a Santambul, wadda ita kanta agana ta ɓata wa fuska, ta ga tsofaffin mata suna yawo gida-gida da ruwan ƙurji a cikin ɓawon ɗan itace da allura. Ta sa aka yi wa ɗanta a can a 1718, aka yi wa 'yarta a Landan a 1721. Kafin manya su yarda da abin sai da aka gwada a jikin fursunoni shida na kurkukun Newgate, bisa alkawarin za a sake su in sun rayu. Duk suka rayu. A wannan shekarar ce kuma agana ta faɗa wa Boston a Amurka, inda wani malamin coci, Cotton Mather, ya riga ya ji dabarar daga bakin bawansa ɗan Afirka da ya raɗa wa suna Onesimus, wanda ya nuna masa tabon da aka yi masa a gida tun kafin a kamo shi. Likita ɗaya ne tak, Zabdiel Boylston, ya yarda ya gwada. Cikin mutum sama da 240 da ya yi wa tsagar, 6 suka mutu. Cikin kusan 5,900 da cutar ta kama da kanta, 844 suka mutu. Na sa yaron ya lissafa mini a wayarsa: wajen biyu cikin ɗari a can, wajen goma sha huɗu cikin ɗari a nan.

Aibin wannan tsaga shi ne aganar gaske ce, wanda aka yi wa zai iya mutuwa, zai kuma iya shafa wa maƙwabta. Likitocin Ingila sun ƙara mata nasu aibin. Jenner yana ɗan shekara takwas, maraya, aka yi masa. Sai da aka yi makonni ana zubar masa da jini, ana ba shi maganin gudawa, ana hana shi ƙoshi, wai ana shirya jikinsa, sannan aka kulle shi a barga tare da sauran yara har cutar ta wuce. Tsofaffin matan Santambul ba sa yin ko ɗaya daga cikin wannan azaba.

Maganar da ke yawo tsakanin masu tatsar nono a wannan yanki ita ce duk wadda ƙurjin hantsar saniya ya kama wa hannu, agana ba ta kama ta. Ba sirri ba ne, hirar ƙauye ce. Wani manomi a Yetminster cikin Dorset, Benjamin Jesty, ya ɗauke ta da gaske tun 1774: ya ɗebo ruwan ƙurjin saniya da allurar saƙa ya tsaga wa matarsa da 'ya'yansa maza biyu, suka tsallake annobar, maƙwabta kuma suka yi masa ca. Abin da Jenner ya fi shi da shi, shi ya rubuta, ya gwada, ya sake gwadawa, ya kuma ƙi yin shiru. Ya yi karatu a Landan a hannun John Hunter, mutumin da ya koya masa cewa in abu ya shige maka duhu ka gwada shi maimakon zaman tunani. A ranar 14 ga Mayu 1796 ya ɗebi ruwan ƙurji daga hannun wata mai tatsa, Sarah Nelmes, wadda ta samo shi daga wata saniya mai suna Blossom, ya tsaga wa James Phipps, ɗan mai kula masa da lambu, yaro ɗan shekara takwas. Yaron ya yi ɗan zazzaɓi ya warke. A watan Yuli ya sa masa aganar gaske. Shiru, ba ta kama ba.

A nan na tsaya na daɗe, har yaron ya ce, "Kawu, lafiya?" Ina tunanin uban Phipps ne. Mai gidanka, mai biyanka, likitan gari, ya ce ka kawo ɗanka. Ta ina za ka fara cewa a'a? Ba na ɗora wa Jenner sharri. A lokacin tsaga wa yaro agana abu ne da ake yi kullum, ya gwada a jikin ɗansa na cikinsa ma, daga baya kuma ya ba Phipps gida ya zauna ba haya. Amma in ka bi jerin waɗanda aka fara gwaji a jikinsu, fursunoni ne da bayi da marayu da 'ya'yan barori. Majalisar dokokin Birtaniya ta ba Jenner fam 10,000 a 1802, ta ƙara masa 20,000 a 1807. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ita kanta saniyar ta fi Sarah Nelmes samun kulawa, don har yau fatarta na ajiye a makarantar likitanci ta St George's a Landan.

Marayun da na ambata ba ƙari na yi ba. Babu firji, babu akwatin sanyi, to yaya za a kai maganin ƙetaren teku? A 1803 sarkin Sifaniya ya tura likita Francisco de Balmis da yara marayu 22 a jirgin ruwa daga A Coruña. Ana tsaga wa biyu, in ƙurjinsu ya nuna a ɗeba a tsaga wa biyu na gaba, haka har aka isa nahiyar Amurka da maganin a raye. Ni da na sha fargabar ƙanƙara ta narke kafin in kai ƙauye na ƙarshe, na san darajar wannan dabara, na kuma san nauyinta.

Bukkar tana can ƙarshen lambu, ƙarƙashin itatuwa, da jinka da bangon da aka yi wa ado da ɓawon itace. Sai da na sunkuya kafin in shiga, kuma mutum huɗu sun cika ta. A nan yake yi wa talakawa lamba kyauta. Mutumin da ke zaune a cikinta yana tsaga hannuwa bai san akwai wata halitta mai shiga jiki ba, bai san yadda jini ke yaƙi da ita ba. Ƙungiyar masana ta Royal Society ma ba ta karɓi rahotonsa na farko ba, sai da ya ƙara hujjoji ya buga da kuɗinsa a 1798. Abin da yake da shi kawai, an yi, an gani, ya yi aiki.

Kuma tun a lokacin aka fara gardama. A 1802 an buga wani zanen barkwanci da ke nuna mutane an yi musu lamba, shanu na tsirowa daga hancinsu da kafaɗunsu. Gwamnati ta hana tsohuwar tsaga a 1840, ta wajabta lamba ga jarirai a 1853, aka shiga cin iyaye tara, ana ɗaure wasu. A 1885 dubban mutane suka yi zanga-zanga a Leicester, har a 1898 aka sassauta dokar ga wanda ya ce zuciyarsa ba ta yarda ba. Na ce wa dattijuwar ai na san wannan fuskar, na tsaya a ƙofar gida an ce mini maigida ya hana. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin arewa bisa zargin an gurɓata maganin, ba a dawo da shi a Kano ba sai a 2004, cutar kuma ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Ban taɓa ɗaukar waɗannan iyaye a matsayin jahilai ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200 a Kano, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ba takardar masana ce ta buɗe mana ƙofofin nan ba. Sarakuna da malamai ne da suka ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a, da matan unguwa da ke shiga har ɗaka. Sai a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna na asali.

Daga Bristol jirgin ƙasa muka hau zuwa tashar Paddington a Landan. Tafiyar ƙafa kaɗan ce daga nan zuwa lambun Kensington, inda mutum-mutumin Jenner ke zaune a kujera gefen tafkunan ruwa. A dandalin Trafalgar aka fara kafa shi a 1858, tsakanin jaruman yaƙi, sai aka ɗauke shi a 1862. Mun iske wata mata na cin burodi a gindinsa, ba ta ko ɗaga kai ba. Ba mu daɗe ba muka gangara unguwar Soho.

Titin Broadwick, wanda a da ake kira Broad Street, ƙaramin titi ne cike da shaguna da gidajen abinci. Famfon tuƙa-tuƙa baƙi na tsaye a gefen hanya ba hannu. Kwaikwayo ne, ba na asali ba, amma akwai wani jan dutse a bakin titi da ke nuna inda na asalin ya tsaya. A kusurwar akwai mashaya mai sunan John Snow, mutumin da shi kansa ya ƙaurace wa giya. A waje muka tsaya.

A ƙarshen Agustan 1854 amai da gudawa ya ɓarke a unguwar nan, cikin kwana goma ya kashe sama da mutum 500, jimilla 616. Manyan likitoci da hukuma sun yi imani cewa wari ne ke kawo cuta, gurɓatacciyar iskar da ke tashi daga ƙazanta. Ba wai tunanin yaɗuwar cuta daga jiki zuwa jiki sabo ba ne. Hadisi ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana na ciki fita, kuma Ibn al-Khatib na Garnaɗa ya rubuta bayan annobar 1348 cewa an ga tana bin tufafi da ƙwarya har da ɗan kunne. Amma a Landan ta wancan zamani masu maganar wari ne ke da kujera. Snow, likitan da ya shaƙa wa Sarauniya Victoria maganin kashe zafi lokacin haihuwa a 1853, ya ce a'a, ta baki take shiga, cikin ruwa. Ya bi gida-gida yana tambaya daga ina mamacin ke shan ruwa, ya ɗiga kowace mutuwa a taswira, ɗigon suka taru a kewayen famfon.

Waɗanda ba su mutu ba sun fi ba ni mamaki. Gidan gajiyayyu da ke titin Poland yana da mutum 535 a tsakiyar annobar, 5 kawai suka rasu, saboda suna da rijiyarsu. Ma'aikatan kamfanin giya na kan titin ba wanda ya mutu, don ba sa shan ruwan famfon. Can Hampstead kuwa, nesa da wari da cunkoso, wata gwauruwa ta mutu, aka bincika aka tarar ɗanɗanon ruwan Broad Street take so, kullum ana kai mata a kwalba. A ranar 8 ga Satumba aka cire hannun famfon. Snow da kansa ya yarda cutar ta riga ta fara lafawa, don mutane sun gudu. Hukuma ba ta gamsu ba, daga baya ta mayar da hannun. Wani matashin malamin coci, Henry Whitehead, ya shiga bincike da niyyar ƙaryata Snow, sai ga shi shi ne ya gano tushen: wata jaririya a gida mai lamba 40, an wanke tsummanta an zuba ruwan a masai, masan kuma bai kai mita ɗaya daga rijiyar ba, bangonsa ya zube. Duk wanda ya yi aikin lafiya a cikin tsohon gari ya san tazarar nan tsakanin shadda da rijiya, ba sai an zana masa ba.

Snow ya rasu a 1858 ba a yarda da shi ba. A shekarar kogin Thames ya yi warin da ya kori 'yan majalisa daga ɗakunansu, suka fitar da kuɗi aka ba Joseph Bazalgette aikin manyan magudanan ƙazanta. Wari suka yi niyyar kora, suka kori kwalara ba da saninsu ba. Ita ƙwayar kuwa wani likita a Florence, Filippo Pacini, ya gan ta a madubin likita tun 1854 ɗin, ba wanda ya kula shi. Haka aka yi wa Ignaz Semmelweis a Vienna, da ya tilasta wa likitoci wanke hannu da ruwan kulorin a 1847, mutuwar masu jego ta faɗi warwas, amma da yake bai iya faɗin dalili ba aka yi watsi da shi.

Dalilin a Faransa yake, kuma shiga can sai da wata bizar daban, wadda na nema tun daga gida. Jirgin Eurostar ya bi da mu ta ƙarƙashin teku daga St Pancras zuwa Paris cikin awa biyu da 'yan mintoci. Ba mu zauna ba, muka wuce gabas ta Dole, garin da aka haifi Louis Pasteur a 1822, muka sauya jirgi a Mouchard zuwa Arbois, wani ɗan gari a gindin tsaunukan Jura da gonakin inabi suka kewaye. Gidan yana bakin rafin Cuisance, kuma ba don sha'awar kallon ruwa ba: mahaifinsa majemi ne, tsohon sojan Napoleon, a nan yake jiƙa fatu. Ɗan majemi ne ya zama Pasteur, mutumin da ya tashi cikin warin da ake cewa shi ke kisa.

Shi ba likita ba ne, masanin sinadarai ne. Ta kan abin da ke lalacewa a tukunya ya shigo harkar cuta. A Lille a 1856 wani mai masana'antar barasa ya kawo masa kuka cewa kayansa na yin tsami. Ya duba a madubi ya ga inda abu ya yi daidai akwai ƙwayoyin yis, inda ya lalace akwai wasu 'yan sanduna daban, masu rai. Ruwa ba ya tsami banza, kakanninmu sun faɗa. Shi ya nuna wanda ke tsamar da shi. Sai tambaya ta gaba: daga ina suke zuwa? Masana da dama, irin su Félix Pouchet na Rouen, suna cewa daga cikin romon suke tsirowa da kansu.

A ɗakin gwajinsa na sama, wanda aka bari kamar jiya ya fita, na ga amsar da ya ba su: kwalabe masu zagayen ciki da dogon wuya siriri a lanƙwashe. Ya tafasa romo a ciki ya bar bakin a buɗe. Iska na shiga, amma ƙura na maƙalewa a lanƙwasar, romon ya zauna garau. In an karya wuyan, kwana kaɗan ya ruɓe. Mai yi mana bayani ta ce ruwan da ke cikin wasunsu tun na zamaninsa ne. A 1860 ya ɗauki kwalabe a rufe ya buɗe 20 a filin kusa da Arbois, 8 suka lalace. Ya buɗe 20 a kan dutsen Poupet, 5 suka lalace. Ya hau har ƙanƙarar Mer de Glace ya buɗe 20, ɗaya kacal ta lalace. Na so wannan gwaji fiye da duk abin da na gani a tafiyar, don ko ɗan firamare aka nuna wa zai gane. Wani likitan tiyata a Glasgow, Joseph Lister, ya karanta, ya ce to ashe ruɓar rauni ma haka take, ya fara wanke rauni da sinadarin kabolik a 1865. A Jamus kuma wani likitan karkara, Robert Koch, ya bi ƙwayar antaraks, cutar da ke kumbura saifar dabba, tun daga jinin mushe har zuwa jikin ɓera a 1876, ya gano ta tarin fuka a 1882, ya bi ta kwalara har Masar da Kalkata. Shi da Pasteur ba sa ga maciji da juna, yaƙin 1870 tsakanin ƙasashensu ya shiga tsakani, amma gasar tasu ta yi wa duniya rana.

Pasteur ya binne 'ya'ya mata uku suna ƙanana, biyu zazzaɓin taifod ya kashe su. A 1868 ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, duk manyan ayyukansa na rigakafi bayan haka ya yi su. Jenner sa'a ya ci, Allah ya ajiye masa wata cuta mai sauƙi a hantsar saniya da ke kare mutum daga mai tsanani. Sauran cututtuka ba su da irin wannan 'yar'uwa. Abin da Pasteur da yaransa suka gano wajen 1879, da suka yi wa kaji allura da tsohuwar ƙwayar kwalarar kaji da ta kwana biyu a ajiye, shi ne ana iya raunana ƙwayar da hannu. A Mayun 1881 a gonar Pouilly-le-Fort kusa da Melun, gaban manoma da 'yan jarida, aka raba tumaki kimanin 50 gida biyu, aka yi wa rabi rigakafi, sannan aka sa wa duka antaraks. Ranar 2 ga Yuni waɗanda ba a yi wa ba sun mutu ko suna shure-shure, sauran na kiwo abinsu.

Da muka koma Paris mun je Cibiyar Pasteur, wadda aka buɗe a 1888 da gudummawar jama'a daga ƙasashe da yawa, kuma a cikinta kabarinsa yake. Wurin aiki ne, daga titi muka tsaya. Akwai mutum-mutumin wani yaro makiyayi, Jean-Baptiste Jupille, yana kokawa da mahaukacin kare. Shi ne na biyu da aka ceta daga cutar haukan kare. Na farko Joseph Meister ne, ɗan shekara tara daga Alsace, da uwarsa ta kawo ranar 6 ga Yuli 1885 kare ya yayyage shi. Aka yi masa allura 13 da lakar zomayen da aka sa wa cutar aka busar, dabarar da Émile Roux ya fi kowa hannu a ciki, ana farawa da mafi bushewa ana matsowa ga ɗanya. Likita Grancher ne ya riƙe allurar, tunda Pasteur ba shi da izini. Yaron ya rayu, ya girma ya zama mai gadin cibiyar. Pasteur ya gargaɗi iyalinsa kada su nuna wa kowa littattafan gwajinsa, kuma da jikansa ya miƙa su ga ɗakin karatu na ƙasa, masanin tarihi Gerald Geison ya nuna a 1995 cewa maganin da aka yi wa tumakin nan ba ta hanyar da Pasteur ya bari aka ɗauka aka haɗa shi ba, da sinadari aka raunana shi, kusa da dabarar abokin hamayyarsa Toussaint, haka kuma hanyar da aka bi da Meister ba a gama gwada ta a kan karnuka yadda ya nuna ba. Girmansa bai ragu a idona ba, amma na daina ganinsa waliyyi.

A hanyar komawa, jirgin ya ratsa Lille bai tsaya ba, yaron ya naɗe hannun riga ya ce, "Kawu, to ai ni ma ina da lambar Jenner." Na ce taka ta garin nan ce da muka wuce. Ta tarin fuka ce, BCG, wadda Albert Calmette da Camille Guérin suka fara a Lille a 1908, suna dasa ƙwayar tarin shanu a kan dankali da ruwan matsarmamar shanu, dashe 230 cikin shekara 13, har ta yi laushin da aka ba jariri na farko a 1921. Tawa ce ta agana, kuma da wata na'ura mai kama da bindiga da ake takawa da ƙafa aka yi mana ita, a gangamin da aka fara a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a 1967. A Ogoja ne, a ƙarshen 1966, magani ya yi wa likita William Foege kaɗan, ya koma neman inda cutar take yana yi wa na kewaye da ita kawai, dabarar da aka ƙarasa yaƙin da ita a duniya. Najeriya ta ga mai agana na ƙarshe a 1970. Wanda ya kamu da ita na ƙarshe ta hanyar yaɗuwa shi ne Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a asibitin Merka a Somaliya, a Oktoban 1977. Ya warke, ya ƙare rayuwarsa yana aikin rigakafin shan inna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da ƙarshen agana ranar 8 ga Mayu 1980.

Ya ce to shi ke nan babu ita ko'ina? Na ce akwai, a kulle a ɗakunan gwaji biyu, ɗaya a Atlanta ta Amurka, ɗaya a Koltsovo ta Rasha, kuma an yi shekaru ana jayayya a ƙone ko a bari. Shi yana ganin a bari, don in wata 'yar'uwarta ta taso, irin ƙyandar biri da ake fama da ita yanzu, masu bincike na buƙatar abin gwada magani. Ni na ce a ƙone. A 1978, bayan an gama da ita a Somaliya, ta kama wata mai ɗaukar hoto, Janet Parker, da ke aiki a saman wani ɗakin gwajin agana a jami'ar Birmingham, ta kashe ta. Ya ce ai tsaron yanzu ba irin na 1978 ba ne. Na ce masu tsaron 1978 ma haka suka ce game da na gabansu. Muna wannan musu har jirgin ya tsaya a St Pancras, ya ɗauki jakata ya yi gaba yana cewa in mun sami wurin cin abinci zai kawo mini wata hujjar.